Famfon zafi na gida yana iya sanyaya ɗaki? Tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, da watan Yuni ya kama a Turai da Arewacin Amurka, sai tambaya ɗaya ta fara yawo tsakanin 'yan uwanmu mazauna can: wannan akwatin mai fanka da ke girke a bayan gida, wanda ya ɗumama mu duk tsawon hunturu, ba zai ba mu sanyi ba yanzu da zafi ya shigo? Masu Ingilishi suna kiran na'urar "hit fam", Faransawa su ce pompe à chaleur, Jamusawa kuma Wärmepumpe. A nan za mu kira shi famfon zafi, domin aikinsa ke nan: ya ɗebi zafi daga wani wuri ya tura shi wani, yadda famfo ke yi da ruwa.

Wanda ya tashi a Sakkwato ko Damagaram zai yi dariya idan ya ji ana kukan zafi a Landan. Bari dai ya kwana ɗaya a hawa na uku na gidan da aka gina don ya riƙe ɗumi, taga ba ta buɗuwa sai rabi, ba fankar sama, ba tsakar gidan da za a fitar da tabarma. Ranar 19 ga Yuli 2022 an auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Ingila, karon farko da zafi ya haye 40 a tarihin awon ƙasar. Tun daga nan tambayar ta daina zama ta wasa.

A taƙaice dai, yana sanyayawa ko ba ya yi?

Injin kansa kusan kullum yana iyawa. Gidan ne ba kullum yake iya karɓa ba. Don haka kafin ka fita duba akwatin waje, tsaya cikin ɗaki ka dubi abin da ke kawo maka ɗumi lokacin sanyi. Idan iska ce ke hurowa, ko daga farin akwati a saman bango ko daga ramukan iska a ƙasa ko a silin, to da wuya a ce ba ka da sanyi a hannu, madanninsa ne kawai ba ka taɓa dannawa ba. Idan kuwa ruwan zafi ne ke zagayawa cikin lagireton bango, ko cikin bututun da aka binne a ƙarƙashin daɓe, to zancen da tsawo, kuma a kansa za mu fi daɗewa.

Ta yaya abin da aka saya don ɗumi zai ba da sanyi?

Famfon zafi ba ya ƙirƙirar zafi kamar hita ko risho. Ɗauko shi yake yi daga inda yake. Sa hannunka a bayan firij za ka ji ɗumi: zafin da aka zaro daga zoɓo da kunun ayan da ke ciki ne ake zubarwa a nan. Cikin bututun akwai gas, irin wanda mai gyaran esi ke cewa ya ƙare sai an ɗura. Wannan gas yana tafasa ko da a cikin tsananin sanyi, kuma duk inda ya tafasa sai ya sha zafin wurin. Kwamfireso ya matse tururin ya yi zafi ƙwarai, ya wuce ɗaya ɓangaren ya sauke zafin ya koma ruwa-ruwa, ya bi ta wata 'yar matsattsiyar ƙofa matsin ya faɗi, ya sake ɗaukar sanyi, a koma farko.

Da hunturu, ɓangaren da ke shan zafi yana waje, mai saukewa yana cikin gida. Abin da ke juya lamarin wani bawul ne mai baki huɗu, kusa da kwamfireso, tsawonsa bai fi tafin hannu ba sosai. Idan an ba shi wuta, matsin gas ɗin ya tura wani ƙarfe a cikinsa ya zame gefe, gas ya sauya hanya. Sai ɓangaren cikin gida ya koma mai shan zafi, na waje ya koma mai saukewa. Sanyayawar ke nan.

Ga wata alama da mutane da yawa sun gani ba su fahimta ba. Da safiyar hunturu wani lokaci za ka ji akwatin waje ya yi wata ajiyar zuciya, fankarsa ta tsaya, tururi ya tashi, ruwa ya zuba a ƙasa. Ƙanƙarar da ta kama shi yake narkarwa, kuma yawancin injinan da ke ɗaukar zafi daga iska suna yin haka ne ta hanyar juya wancan bawul na 'yan mintuna. Wato injin da aka ce maka na ɗumi ne kaɗai, ya sha yin aikin esi a gabanka cikin watan Janairu.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Lord Kelvin, masanin kimiyya na Birtaniya, ya kawo shawararta tun 1852, kuma a 1938 an fara ɗumama ginin majalisar birnin Zurich na ƙasar Suwizalan da zafin da ake zarowa daga ruwan kogin Limmat.

To ashe esi ne kawai aka sauya wa suna?

Idan mai hura iska ne, haka ne, esi ne da aka ƙara masa bawul ɗin juyawa da ɗan wayo na narkar da ƙanƙara. A Norway, inda kusan kashi 60 cikin 100 na gidaje ke da famfon zafi, mafi yawa irin wannan ne: farin akwati a bango, wanda ba za ka bambanta shi da na ofisoshin Kano ba.

Yaya zan gane wane iri ne a gidana?

Tambayoyi biyu ne: daga ina yake ɗauko zafi, kuma ina yake zuba shi. Akwai mai ɗauka daga iskar waje ya zuba a iskar ɗaki, shi ya fi yawa a Amurka, Kanada, Japan, kudancin Turai da ƙasashen arewacin Turai. Akwai mai ɗauka daga iskar waje ya zuba a ruwan da ke zagaya gida, shi ake sakawa a Ingila da Jamus da Holan a madadin tukunyar gas mai ɗumama gida, kuma za ka gan shi da tankin ruwa a wani ɗan ɗaki ko kabad. Akwai mai ɗauka daga ƙasa, wanda ba shi da akwatin fanka a waje sam, bututunsa na binne a lambu ko a rijiya mai zurfi.

Akwai kuma ƙananan iri biyu da ke ruɗa mutane: wanda aikinsa dafa ruwan wanka kawai, da wanda ke zuƙar iskar banɗaki da kicin ya zare zafinta, kamar yadda ake samu a gidajen Suwidin da yawa. Waɗannan kada ka sa musu rai. Na farkon yana ɗan sanyaya ɗakin da yake ciki lokacin da yake aiki, amma bai kai ya hana ka gumi a falo ba.

Mazauna Amurka, ga hanya mai sauƙi: duba akwatin saita zafi na bango. Idan akwai inda aka rubuta Em Heat ko Aux, famfon zafi ne gare ka. Idan babu, wataƙila esi ne daban da tukunyar gas daban, wanda shi ma yana sanyayawa, sunan ne kawai ya bambanta.

Nawa mai hura iska ne. Yaya zan gwada?

Ɗauki rimot. Akwai madannin da aka rubuta Mode. Duk dannawa ɗaya wata 'yar alama ce ke sauyawa a gilashin: rana tana nufin ɗumi, tauraron ƙanƙara mai rassa shida yana nufin sanyi, ɗigon ruwa yana nufin busar da laima, fanka tana nufin iska zalla. Tsaya kan tauraron ƙanƙara, ka sauke lambar zuwa digiri uku ko huɗu ƙasa da zafin ɗakin, sannan ka yi haƙuri. Kwamfireso yakan jira minti uku zuwa biyar kafin ya tashi, don kare kansa ne. Mutane da yawa a nan suke karaya su ce bai yi ba.

Bayan kamar minti 15, duba abu uku. Iskar da ke fitowa ta yi sanyi, kuma idan kana da ma'aunin zafi, bambancinta da iskar ɗaki ya kai wajen digiri 8 zuwa 11. Fankar waje ta riƙa huro iska mai ɗumi. Daga baya kuma ruwa ya fara ɗiga daga siririn tiyon da ya fita waje. Wannan na ukun ka sa masa ido, domin a gidan da shekaru ba a taɓa kunna sanyi ba, tiyon na iya toshewa da ƙura ko gizo-gizo, ruwan sai ya biyo bango ya sauko kan talabijin. Ka kuma cire filta ka wanke kafin gwaji. Ka yi gwajin ranar da ake ɗan ɗumi, domin wasu injinan ba sa son aikin sanyi idan waje ya yi ƙasa da digiri 15 ko kusa da haka.

Na saka shi a sanyi, amma iska mai zafi ke fitowa. Ya lalace ne?

Ba lallai ba. Idan kwanan nan aka sauya akwatin saita zafi na bango, fara zargin wannan. A Amurka akwai waya ɗaya da ke shiga inda aka rubuta O/B, ita ke ba bawul ɗin juyawa umarni. Yawancin kamfanoni suna ba bawul wuta ne lokacin sanyi, amma Rheem da Ruud suna ba shi lokacin ɗumi. Idan saitin ya saɓa, ka nemi sanyi ka sami zafi, ka nemi zafi ka sami sanyi. Gyaran a cikin saitin yake, minti biyu.

Idan akwatin waje ɗaya ne ke ciyar da ɗakuna uku ko huɗu, duk sai sun yarda da abu ɗaya. Da ɗakin yara na nan kan rana tun watan Maris, na falo zai ƙi ba da sanyi, fitilarsa ta yi ta ƙyaftawa. Zagaya ka mai da kowane rimot kan ƙanƙara, ko ka kashe wanda ba a bukata.

Idan duk ba wannan ba ne, to bawul ɗin ya maƙale ko gas ya ragu. Nan kam sai mai gyara. A ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila da Amurka doka ta ce sai mai takardar shaida ne zai taɓa irin wannan gas.

Nawa na ruwa ne, kuma lagireto ne a kowane ɗaki. Zan iya tura musu ruwan sanyi?

Za ka iya, amma ba zan ba ka shawarar haka ba, don dalili biyu.

Na farko, ba za ka sami abin kirki ba. Lagireto yana ɗumama ɗaki ne saboda ruwan cikinsa ya fi ɗakin zafi da digiri 20 ko 25, iska mai ɗumi kuma tana tashi sama ta zagaya da kanta. Idan ka juya, ruwan da za ka iya turawa lafiya bai fi ɗakin sanyi da digiri bakwai ko takwas ba, iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, sai ta kwanta a ƙasa kusa da lagireton. Idon sawunka zai ji, kanka ba zai ji ba.

Na biyu shi ne raɓa. Ka fito da robar ruwa daga firij ka ajiye a tebur, kafin ka gama sallama da baƙo ta yi gumi ta jiƙa wurin. Haka duk ƙarfe ko bututun da ya fi wani mataki sanyi zai yi. Lagireton da kake gani kana iya shimfiɗa masa tawul. Bututun da ya bi ta ƙarƙashin katako da cikin bango da saman silin fa? An naɗe shi ne, in ma an naɗe, don kada zafi ya tsere, ba a yi tanadin hana laima isa gare shi ba.

Na ga wannan da idona a gidan wani ɗan uwa. Ya kalli bidiyo, ya samo lambar sirrin shiga saitin masu saka injin, ya kunna sanyi, ya sauke ruwan zuwa digiri 10. Daren farko ya kira ni yana murna. Kwana na uku uwargida ta ga wani tabo mai ruwan ƙasa, faɗin faranti, a silin ɗin falo, daidai inda bututu ya ratsa zuwa ɗakin sama. Da aka ɗaga katakon sai ga bututun tagulla na ɗiga kamar randa sabuwa. Kuɗin gyaran ya fi na esin tafi-da-gidanka da ya ƙi saya.

Wane mataki ne wannan da raɓa ke farawa?

Ya danganta da zafin ɗaki da yawan laimar da ke cikin iska. Idan ɗaki yana digiri 26, laima kashi 50, raɓa na farawa a duk abin da ya sauka ƙasa da kusan digiri 15. Idan laima ta kai kashi 60, matakin ya hau zuwa kusan 17 da rabi. Ranar da aka yi zafi mai cunkushewa, digiri 28 da laima kashi 70, ya kai 22. Ka lura da abin haushin: ranar da ka fi bukatar sanyi ita ce ranar da aka fi ɗaure maka hannu. Shi ya sa ake saka ɗan ma'aunin laima da ke ɗaga zafin ruwan, ko ya tsayar da sanyayawar, kafin bututu ya fara gumi. Duk mai sakawar da zai kunna maka sanyi bai ambaci wannan ma'auni ba, nemi wani.

Ɗumin gidana daga ƙarƙashin daɓe yake fitowa. Ni fa?

Kai kam da sauƙi. Daɓen ɗaki gaba ɗaya fili ne mai faɗi, don haka ruwa mai digiri 18 zuwa 20 ya isa ya ja zafi a hankali. A Jamus da Holan da Italiya wannan abu ne da aka saba yi a sababbin gidaje. Sai dai ka san irin sanyin: na tsohon soron ƙasa ne da rana tsaka, ka shigo ka ji sanyi-sanyi a tafin ƙafa, ɗakin ya sauka da digiri biyu ko uku. Bai yi kama da na banki ba. Kuma ba ya cire laima ko kaɗan, don haka a wuri mai danshi sai ka ji sanyin ya zo da nauyi.

Tayil da siminti sun fi ba da haɗin kai. Kafet mai kauri yana kashe aikin, katako kuma sai an yi hattara da shi. Banɗaki akan rufe layinsa. A kunna tun kafin gidan ya ɗau zafi, a bar shi yana tafiya dare da rana, domin daɓe ba ya sauri. Kuma a rufe tagogi da labule da rana. Abin da ya fi wa Bahaushe wuya ke nan, mu da zafi ke sa mu buɗe ko'ina.

Idan ina son sanyi na gaske daga famfon zafi na ruwa, me zan ƙara?

Akwai akwatin da ruwa ke bi ta cikinsa, fanka na hura iska a kai. A bango ake kafa shi ko a ƙasa inda lagireto yake, kuma yana da faranti da tiyon fitar da raɓa. Shi yana karɓar ruwa mai digiri 7, yana sanyayawa yana kuma busar da iska, kamar esi sak. Amma dole a ja masa bututu da aka naɗe da baƙin soso marar shan laima, ba tsaga ko ɗaya, kuma a sa bawul da zai hana ruwan sanyin shiga sauran lagireto.

A ganina, idan ɗaki ɗaya ko biyu ne ke damun ka, misali ɗakin kwana na sama, ka nemi farashin wannan aikin, ka kuma nemi farashin ƙaramin esi mai zaman kansa. Sau da yawa na biyun ya fi sauƙi, kuma ba a taɓa tsarin da ke ɗumama ka da hunturu ba.

Ina zan duba in tabbatar samfurin nawa na da sanyi?

A jikin akwatin waje, gefe ko baya, akwai takarda mai ƙyalli da aka manna. Durƙusa ka ɗauke ta hoto, haka ma ta jikin na ciki. Idan an rubuta ƙarfin aiki layi biyu, ɗaya na Heating ɗaya na Cooling, injin na juyawa. Haruffan samfurin ma suna magana. A jerin Altherma na Daikin, EBLA da EHVX suna ɗumi da sanyi, EDLA da EHVH ɗumi kaɗai. A Ecodan na Mitsubishi, na cikin gida mai farawa da ER shi ne mai juyawa, mai farawa da EH na ɗumi ne. A aroTHERM na Vaillant da ake sayarwa a Ingila, akwai wani ɗan fulogi da sai mai sakawa ya soka kafin sanyin ya bayyana a saiti. Ka rubuta lambar samfurin a intanet, littafin injin zai fito.

Ka tuna na waje da na ciki duk sai sun dace. Na cikin da aka yi don sanyi yana da farantin tarar raɓa da naɗi na musamman, wanda na ɗumi kaɗai ba shi da su.

Me ya sa za a kulle abin da injin ke iyawa?

Wani ɓangare tsoron raɓa ne: mai sakawa ba ya son a kira shi kan silin da ya jiƙe. Wani ɓangare kuma doka ce. A Ingila, ƙa'idar da ke ba mutum damar kafa famfon ba tare da neman izinin hukumar gine-gine ba ta daɗe tana cewa sai don ɗumi kaɗai, sai a watan Mayu 2025 aka sassauta ta. Tallafin gwamnati ma, wanda ya kai fam 7,500 a watan Oktoba 2023, an tsara shi ne don maye gurbin tukunyar gas ko ta mai. Kasuwar gaba ɗaya ta ginu ne kan hunturu. Kafin a buɗe maka, tambayi ko yin hakan zai taɓa garantinka, kuma a ba ka amsar a rubuce.

Namu na ƙasa ne, ba shi da fanka a waje.

Kun fi kowa sa'a. Mita kaɗan a ƙarƙashin ƙasa a arewacin Turai, zafi yana nan wajen digiri 10 rani da damina, kamar yadda ruwan rijiya ke zama da sanyi a watan Afrilu. Ana iya ɗauko wannan sanyi a ba bututun daɓe ba tare da kwamfireso ya tashi ba, 'yan ƙananan famfunan zagaya ruwa ne kawai ke cin wuta. Zafin da aka kwashe daga gida kuma yana komawa ƙasa, ya ɗan taimaka idan hunturu ya zo. Wasu injinan da kayan aikin suke zuwa, wasu sai an ƙara musu. Dokar raɓa tana nan daram.

Idan yana sanyaya gida, ruwan wanka fa?

Yana nan. Injin yakan dakatar da sanyi, ya juya ya dafa tankin, sannan ya dawo. Saita dafawar ta zama da asuba ko cikin dare, kada ta faɗo ƙarfe uku na rana.

Wuta nawa zai sha?

Injin da ke ba da sanyin kilowat 3.5, wanda ake rubutawa BTU 12,000, a Najeriya kuma a ce masa mai doki ɗaya da rabi, yana jan kamar kilowat ɗaya ko ɗan fiye idan yana aiki da iyakar ƙarfinsa. Awa shida ke nan yunit shida ko bakwai. Mai inbata yana rage gudu da ɗaki ya yi sanyi, don haka yakan ci ƙasa da haka. A takardar injin, lambar SEER ce ke nuna ƙwazonsa a sanyi, a Amurka kuma SEER2 tun Janairu 2023. Mafi girman lambar, mafi ƙarancin wuta. Kada dai ka gwada lambar Turai da ta Amurka, ma'auninsu daban ne.

Sauke rimot zuwa 16 ba ya sa ɗaki saurin yin sanyi yadda ake zato, hana injin hutawa kawai yake yi. Digiri 24 zuwa 26 da 'yar fanka a gefe ya wadatar da yawancin mutane.

An ce injin ya yi wa gidana girma. Ba alheri ba ne?

A ƙasa mai sanyi, da lissafin daren Janairu ake zaɓen girman inji, don haka da bazara yakan fi ƙarfin aikin. Sai ya tashi, ya sanyaya iska cikin minti biyar, ya mutu, bai daɗe da zai tsotse laima ba. Ɗaki ya yi sanyi amma jiki na danƙo. Gwada alamar ɗigon ruwa a rimot, ko ka rage gudun fanka.

Haya nake. Ina da ikon kunnawa?

Idan a rimot ko akwatin bango yake, naka ne, danna. Idan sai an shiga saitin masu sakawa ko an soka wani abu, na mai gida ne. Rubuta masa, ka haɗa da hoton lambar samfurin. A manyan benaye masu tsarin ɗumi na bai ɗaya, ginin gaba ɗaya ake juyawa lokaci guda, ko ba a juyawa sam.

Esin da muke da shi a gida Najeriya ko Nijar yana iya ɗumama ɗaki da hunturu? Kuma in turo famfon zafi daga Turai?

Yawancin esin da ake sayarwa a kasuwanninmu na sanyi ne kaɗai, ba a sa musu bawul ɗin juyawa ba. Kada alamar rana a rimot ta ruɗe ka, kamfanoni kan yi rimot ɗaya wa samfura da yawa. Takardar jikin injin ce shaida. Mazauna Jos ko tsaunin Mambila ko Agadas, inda daren hunturu ke sa a nemi garwashi, idan za su sayi sabo, ya dace su tambayi mai yin biyun. Ya fi kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, wanda hayaƙinsa ke kisa.

Batun turowa kuwa, duba ajin yanayi. Mai alamar T1 an auna ƙarfinsa ne a digiri 35, iyakarsa wajen 43. Mai T3 an auna shi a 46, yana jurewa har 52. Watan Afrilu a Maiduguri ko Yamai aikin T3 ne. Na Amurka kuma an yi shi ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce. Na ruwa mai tanki da lagireto ba shi da aikin yi a gidajenmu.

Zan sa sabo. Me zan tambayi mai sakawa tun kafin a fara?

Faɗa masa tun ranar farko cewa kana son sanyi, kuma a waɗanne ɗakuna, domin sauya bututu bayan an rufe bango ya ninka kuɗi. Tambaye shi ko na waje da na ciki duk masu juyawa ne, ta ina sanyin zai fito a kowane ɗaki, ruwan zai sauka zuwa digiri nawa, me zai tsayar da shi idan laima ta hau, da wane soso za a naɗe bututu, kuma ina ruwan raɓa zai zuba. Tambayi gas ɗin ma: R410A ana janye shi a hankali, R32 ya maye gurbinsa a injina da yawa, R290 kuma gas ne mai kamawa da wuta, don haka akwai tazarar da ake bari tsakanin injin da taga ko magudanar ruwa. Sannan ka sa ya gwada sanyin a gabanka ranar miƙa aiki, ka sa hannu ka ji, kafin ka biya cikon kuɗin.